Kafin Ku Ninke Takardar Tabarau



Yawancinmu idan aka gama auna mana ido aka miƙo 'yar takarda mai layuka da lambobi, ninke ta muke yi mu kai wa mai haɗa tabarau, daga nan an rabu da ita. Wasu ma a shagon suke barinta. Wasu kuma su ƙura mata ido, su ga lamba kamar 180, gabansu ya faɗi, su ɗauka idon ya gama lalacewa. Ina so mu ɗan zauna a kan wannan takarda, domin taku ce, kuma duk wanda ya iya lissafin canji a kasuwa zai iya karanta ta. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, lambobin nan awon gilashin da za a yanka muku ne. Ba su ne ke faɗin lafiyar ido ko rashinta ba.

Layi biyu za ku fara gani, na sama na idon dama, na ƙasa na hagu. A asibitocin Najeriya galibi R da L ake rubutawa, ko RE da LE. Wasu likitocin kan sa OD a dama, OS a hagu, OU kuma idan idanu biyun ake nufi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram za su ga OD da OG, tunda da Faransanci ake rubuta musu, kuma a tasu takardar VL gilashin ganin nesa ne, VP na kusa. Damar da ake nufi ta mai idon ce, ba ta wanda ke zaune yana fuskantarsa ba.

Gida na farko a layin an rubuta SPH a kansa, kuma shi ne uban tafiyar. Haske idan ya shiga ido, tantanin gaban ido da wani ɗan madubi da Allah Ya halitta a ciki su ne ke tanƙwara shi, su tara shi wuri guda a kan shimfiɗar da ke can ƙuryar ido, wadda ke aika hoto zuwa ƙwaƙwalwa. In ya taru daidai a kanta, gani ya fito tas. In ƙwayar idon ta ɗan yi tsawo, hasken yakan taru tun bai iso ba, sai mutum ya riƙa ganin na kusa sarai, na nesa kuwa dishi-dishi. Shi ne yaron da ke ƙanƙance ido yana kallon allo, ko mutumin da ake cewa ya cika girman kai don ba ya gaida mutane a hanya, alhali fuskar ce bai gane ba. Irinsa ake rubuta wa lamba mai alamar ɗebewa, kamar -1.50. In kuma ƙwayar idon ta ɗan gajarce, hasken kan iso bai gama taruwa ba, sai a ba shi lamba mai alamar tarawa, kamar +1.50. Mai irin wannan ido, in yaro ne ko matashi, yakan ɓoye matsalar ba tare da ya sani ba, domin idon na ta yunƙurin gyara kansa. Abin da zai ji shi ne gajiyar ido da ciwon goshi bayan dogon karatu. Sai shekaru sun ja abin ke fitowa fili. Idan kuka ga PL ko 0.00 a wannan gida, to idon ba ya bukatar komai a nan.

Ma'aunin da ake ƙirga ƙarfin gilashi da shi sunansa dayofta. Wani likitan ido Bafaranshe, Ferdinand Monoyer, shi ya kawo shawararsa a 1872, kuma da shi duniya ke aiki har yau, shi ya sa takardar da aka rubuta a Kano za a iya haɗa ta a Jidda ko Alƙahira. Kwata-kwata ake hawansa: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00, haka har sama. Iyakar nisan lamba daga sifili, iyakar ƙarfin gilashin, ko ta tarawa ce ko ta ɗebewa.

Ga wata 'yar dabara ga masu alamar ɗebewa, wadda za ta sa ku tausaya wa 'ya'yanku. Ku raba 100 da lambar. Abin da ya fito shi ne santimitocin da mutum ke iya gani tas ba tabarau. Mai -1.00 ganinsa mai kyau ya tsaya a mita ɗaya. Mai -2.00, rabin mita. Mai -4.00, santimita 25 kacal, wato kamar taƙi guda daga hancinsa. Duk abin da ya wuce nan hazo ne. Ku yi tunanin yarinya mai irin wannan ido an zaunar da ita a bencin baya, ana ce mata daƙiƙiya. Wanda lambarsa ta kai -6.00 ko ta wuce, ina roƙonsa ya riƙa zuwa a duba masa cikin ido a kai a kai, domin dogon ido ya fi saurin samun yagewar shimfiɗar nan ta baya. In ya ga walƙiya a gefen ido, ko ɗige-ɗige baƙaƙe masu yawa sun taso farat ɗaya, ko wata inuwa ta fara rufe gefe guda na ganinsa, kada ya kwana bai ga likitan ido ba.

Gidaje biyun da ke biye, CYL da AXIS, tare suke tafiya, kuma su ne suka fi rikita mutane. Tantanin gaban ido na wasu ba a zagaye yake daidai kamar ƙwallo ba. Ya fi kama da ƙwai, lanƙwasarsa ta wani ɓangare ta fi ta ɗaya. Saboda haka haske ba ya taruwa wuri guda, sai rubutu ya riƙa yin inuwa, fitilar mota da dare ta riƙa jan wutsiya, nesa da kusa duka ba daɗi. CYL shi ne yawan gyaran da wannan bambanci ke bukata, shi ma da dayofta. AXIS kuwa ba ƙarfi ba ne ko kaɗan. Kusurwa ce, daga digiri 1 zuwa 180, mai nuna wa mai yankan gilashi ta inda zai kwantar da gyaran: 90 a tsaye, 180 a kwance. Don haka mai 175 bai fi mai 10 ciwo ba. Hasali ma 180 da 5 maƙwabtan juna ne, domin daga 180 ƙirgar ke komawa farko. Wanda bara aka rubuta masa 178, bana aka rubuta 3, digiri biyar kawai ya motsa. Idan gidan CYL babu komai, ko an sa DS, to babu wannan matsala, kuma ba za a ga AXIS ba. Amma mai CYL babba ya kula da firam ɗinsa. In aka zauna a kai ya karkace, kusurwar ta kauce ke nan, sai jiri da ciwon kai su biyo baya ko da gilashin lafiyarsa ƙalau. A kai a daidaita shi, kada a yi ta fama.

A nan ne ake samun wata rigima da ba ta da tushe. Mutum ya je asibiti biyu, ya dawo da takardu biyu masu lambobi dabam, ya ce lallai ɗaya daga cikinsu bai san aikinsa ba. Wani lokaci gilashi ɗaya ne aka rubuta ta hanya biyu. A ce takardar farko ta ce SPH -2.00, CYL -0.75, AXIS 180. Ta biyu ta ce SPH -2.75, CYL +0.75, AXIS 90. Ku haɗa lambobi biyun farko na takardar farko, za ku sami -2.75, ku juya alamar CYL, ku ɗebe 90 daga kusurwar. Kun ga ta biyun ta fito. Ko kwabo babu bambanci a tsakaninsu. Ko da an sami saɓanin kwata guda tsakanin awo biyu, ba abin tada hankali ba ne, domin awon ya dogara da amsar da kuka bayar lokacin da ake tambayarku wanne ya fi, na farko ko na biyu. Ku amsa tsakani da Allah, ba gaggawa. In duka biyun ɗaya suke a wurinku, ku faɗi haka. Ita ma amsa ce mai amfani.

Yanzu ga gidan da ya shafi sa'o'ina, wanda ku ma yana nan yana jiranku in Allah Ya ja kwana: ADD. Ɗan madubin nan na cikin ido yana da taushi a ƙuruciya, yakan ƙara kauri da kansa idan za a kalli abu na kusa. Da an doshi shekara arba'in sai ya fara tauri. Mutum ya ga yana nesanta waya daga fuskarsa, zura zare a kafar allura ya zama aiki, wasullan Alƙur'ani su fara cakuɗewa bayan magariba. Wannan ba cuta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma karatu ne ya cinye idon ba. Kowa da ya yi tsawon rai sai ya same shi, da wanda ya yi boko da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. ADD shi ne ƙarin da ake ɗorawa a kan lambar nesa domin aikin kusa. Kullum alamar tarawa gare shi, kuma kusan kullum iri ɗaya ne a idanu biyu. Yakan fara daga wajen +1.00 a farkon shekarun arba'in, ya kai wajen +2.00 bayan hamsin, ya tsaya kusa da +2.50 a wajen sittin. Hawan nan da yake yi shi ya sa mutane ke cewa tabarau na ƙara kashe ido. Ba tabarau ba ne, shekaru ne. Wanda ya ƙi sawa ma madubin idonsa na ci gaba da tauri, wahala kawai ya ƙara wa kansa.

Ku lura, ADD ba shi ne lambar gilashin karatu kai tsaye ba, sai an haɗa shi da SPH. Mai +1.00 na nesa da ADD +2.00, gilashin karatunsa +3.00 ne. In ya je ya sayi +2.00 don ya ga haka a takarda, ba zai ishe shi ba. Mai -2.00 da ADD +2.00 kuwa, lissafinsa sifili ya ba da, shi ya sa za ku ga dattijo ya cire tabarau in zai karanta saƙo a waya. In an haɗa nesa da kusa a gilashi ɗaya, akwai mai layi a tsakani, sama nesa, ƙasa karatu. Akwai kuma marar layi, wanda ƙarfinsa ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Na biyun ya fi tsada kuma yana son haƙuri kafin a saba. Duk wanda ya fara sa ɗayansu ya yi hattara da matakala da bakin kwata, ya sunkuyar da kai ya duba ta saman gilashin.

Kada ku ɗauka gilashin karatu mafi ƙarfi shi ne mafi kyau. Ƙarfinsa ne ke yanke nisan da za ku riƙe abu. Ga dattijon da idonsa ya daina taimakawa, +2.50 na fito da rubutu a santimita 40, +3.00 a wajen 33, +4.00 a 25. Saboda haka ku gaya wa mai awo sana'arku. Mai ɗinkin hula da ke kawo aiki dab da fuska, da tela a kan keke, da mai aiki da kwamfuta da ke nesa da shi kamu guda, da malamin da ke ɗora littafi a cinya, ba nisa ɗaya suke aiki ba. Babu laifi mutum ya tafi da allurarsa ko littafin da ya saba karantawa, a gwada da shi.

Sai PD, wanda sau da yawa ake mantawa a rubuta. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar baƙin idon dama da na hagu ce, da milimita. Ta manya takan faɗa tsakanin 54 da 74, akasari sittin da 'yan kai. Kowane gilashi na da cibiya, kuma dole cibiyar ta zauna daidai gaban tsakiyar ido. In ta kauce, musamman a lamba mai ƙarfi, ido zai yi ta ja. Ku nemi a auna a rubuta muku. Akwai kuma gidan PRISM, wanda yawancin mutane za su gan shi fayau. Na masu ganin abu bibbiyu ne saboda idanun ba sa tafiya tare.

To, ina matsayin tabarau na kan tebur a kasuwa, wanda ake gwadawa da guntun jarida? Ba zan ce muku haramun ne ba. Ga wanda ke ganin nesa lafiya, idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya, shekaru ne kawai suka taɓa ganinsa na kusa, wannan tabarau rahama ne, ya mayar da masu sana'a da yawa bakin aikinsu da kuɗi kaɗan, kuma ba ya lalata ido. Sai dai gilasansa biyu lamba ɗaya ce, ba shi da CYL, tazararsa kuma ta kowa da kowa ce. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a nan ƙima ba ta wadatar wa mai idanu mabambanta. Haka aron tabarau na miji ko na maƙwabci. Babban abin da nake tsoro game da na kasuwa shi ne ya sa mutum ya ga rubutu ya fito, ya ce ai shi ke nan, ya shekara goma ba wanda ya leƙa cikin idonsa.

Nan ne zancen ya fi nauyi. A katin asibiti za ku iya ganin wasu lambobi kamar 6/6, 6/12 ko 6/60. Waɗannan ba na gilashi ba ne, sakamakon karatun allon nan ne mai haruffa manya a sama, ƙanana a ƙasa, wanda likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya tsara a 1862. Shida ta sama mita shida ce da kuka tsaya. Ta ƙasa kuwa nisan da lafiyayyen ido zai karanta wannan layi. Mai 6/12 sai ya matso mita shida yake ganin abin da wani ke gani daga mita goma sha biyu. A Amurka 20/20 suke cewa, a Nijar 10/10, duka daidai da 6/6. Wanda bai iya boko ba kada ya ji kunyar zuwa. Akwai allo mai harafi ɗaya da ake jujjuyawa, da hannu kawai zai nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta. Tambayar da nake so ku riƙa yi ita ce: da wannan gilashi, layi na nawa na kai? In da mafi kyawun gilashi ma ba ku kai 6/6 ko kusa da shi ba, ku tambayi dalili, domin akwai abin da gilashi ba ya gyarawa.

Kuma ko kun kai 6/6, ba a gama ba. Hawan jinin ido yakan cinye jijiyar gani daga gefe-gefe, ba zafi, ba ja, mutum na karanta layin ƙarshe na allo har sai ɓarna ta yi nisa, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ya fi yawa a cikinmu baƙaƙen fata, yana kama mu da wuri, yana kuma bin dangi. Awon hawan jini na hannu ba ya nuna shi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna cewa rashin tabarau da ya dace shi ne babban dalilin raunin gani wanda bai kai makanta ba. Don haka idan kun je, ku ce a auna matsin ruwan ido, wanda galibi yake tsakanin 10 da 21, a kuma haska a duba jijiyar, domin wani na da cutar alhali awon matsinsa bai hau ba.

Lambar tabarau da ke sauyawa da sauri ita ma magana take yi. Mai ciwon suga in sugan ya hau, ganinsa kan canza cikin 'yan kwanaki. Kada ya yanka sabon gilashi sai sugan ya daidaita, kuma a duba masa ƙuryar ido duk shekara. Tsohon da ya wayi gari yana karatu ba tabarau bayan ya daɗe da shi, ana murna ana cewa idonsa ya dawo, sau da yawa yanar ido ce ta fara, ita ke tura lambar zuwa ɓangaren ɗebewa. A kai shi asibiti. Kada a bari masu yawo ƙauye-ƙauye su soka masa ƙarfe su tura yanar cikin ido. Ko an yi sa'a idon bai mutu ba, madubin halitta ya tafi, sai da tabarau mai kauri na wajen +10.00 zai ga hanya. A asibiti kuwa cire yanar ake yi a dasa wani madubi a gurbinta. Wannan ne amfanin ajiye tsofaffin takardu masu kwanan wata: likita ya jera su ya ga inda idon ya dosa.

Game da yara, iyaye mata, ku nake roƙo musamman. In an ɗiga wa yaro magani kafin awo, ganinsa ya yi hazo na yini ɗaya ko fiye, baƙin idonsa ya buɗe, kada ku tsorata; an kwantar da yunƙurin idon ne don a sami lambar gaskiya. In an ce ya sa tabarau, ku bar shi ya sa, kada kakarsa ta ce ya yi ƙanƙanta ko idonsa zai zurma. Yaron da lambar idonsa ɗaya ta fi ta ɗayan nesa ba kusa ba, ko mai harara-garke, ƙwaƙwalwarsa kan yi watsi da ido mai raunin, kuma in aka wuce shekara bakwai zuwa takwas ba a gyara ba, da wuya ya farfaɗo sosai. Lambar ɗebewa ta yaro takan ƙaru yayin da yake girma, don haka a mayar da shi awo duk shekara, a kuma bar shi ya yi wasa a waje da rana maimakon ya wuni a ɗaki da waya.

Idan kun karɓi sabon tabarau, ku ba shi kwanaki, har zuwa mako biyu, ido ya saba. In jiri ko ciwon kai bai lafa ba, ku koma da shi da takardar. Suna da na'urar da ke karanta ƙarfin gilashi, za a gane ko abin da aka rubuta shi aka yanka. Kada kuma a sayi gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido da wannan takarda, nasa awon dabam ne.

Wanda ya haura arba'in a cikinku bai taɓa zuwa an duba masa cikin ido ba, ko yake da mai hawan jinin ido a dangi, ya daure ya je cikin watan nan. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, akwai kuma sashen ido a manyan asibitocin jihohi. Ku tafi da tsohon tabarau da tsohuwar takarda, ku riƙo hannun iyayenku ku tafi tare, kuma kada ku fito sai an ba ku taku takardar a hannu an yi muku bayaninta. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya bar mu da ganinmu.